Baki bai karkace ba, amma ƙafa ta mutu: amsa kan toshewar jinin laka

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Mahaifina yana da shekara 63, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Makonni biyar da suka wuce yana zaune lafiya lau, sai ya ji wani ciwo ya soke shi a tsakiyar baya, ya zagayo masa ciki kamar an ɗaure shi da igiya. Kafin awa uku ƙafafunsa biyu sun daina motsi, fitsari ya tsaya. Mun kai shi asibiti a ranar, aka yi hoton MRI aka ce ba a ga komai ba. Bayan kwana uku aka sake, sai aka ce wai shanyewar jiki ce ta toshewar jini, amma a laka. Abin da ya ɗaure min kai, bakinsa bai karkace ba, maganarsa ras, hankalinsa ƙalau. Ta yaya za a ce irin wannan ciwon ne? Ko sakaci aka yi a hoton farko? Wani abin mamaki kuma, in na taɓa ƙafarsa yana ji, amma ranar nan ruwan zafi ya zubo masa bai sani ba. Don Allah likita, zai sake tafiya?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar jinya. Abubuwa uku kike son sani: yadda za a yi shanyewar jini ta kama mutum alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya, ko an yi kuskure a hoton farko, da kuma ko Baba zai tashi da ƙafafunsa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai maganar ruwan zafin nan da kika kawo a ƙarshe kamar ƙarin bayani, a wurina ita ce ta fi komai nauyi a wasiƙarki, domin da ita likitan jijiyoyi ke gane wannan ciwo tun kafin hoto ya nuna. Ban ga Baba ba, ban duba hotunansa ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne kan ciwon, hukuncin jinyarsa kuwa yana hannun likitocin da ke kansa.

Laka da hanyoyin jininta

Laka igiya ce ta jijiyoyi mai laushi, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, tsawonta kusan santimita 45 a jikin babba. Ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bi ta ramin ƙashin baya, ta tsaya a wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙugu. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa da mafitsara ta cikinta yake sauka, duk labarin da fata da gaɓoɓi ke kai wa ƙwaƙwalwa ta cikinta yake hawa. Nama ne iri ɗaya da na ƙwaƙwalwa, kuma kamar ƙwaƙwalwa, ba ya jure yankewar jini. In jijiyar da ke shayar da wani sashe ta toshe, ko jinin ya yi rauni ya kasa isa, sashen ya fara mutuwa cikin ɗan lokaci. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa har baki ya karkace, shi ne ya faru a bayan Baba. Bambancin wuri ne kawai. Jijiyoyin fuska da cibiyar magana suna can sama cikin kai, ciwon bai kai gare su ba, shi ya sa maganarsa ras. Ciwon ba shi da yawa, kusan ɗaya ne cikin ɗari na duk shanyewar da matsalar jini ke jawowa, kuma ƙarancinsa na daga cikin dalilan da ke sa a makara wajen tuna shi.

Jijiyoyin jini uku ne ke bin tsawon laka. Ɗaya tana gaba, ita kaɗai, tana shayar da kusan kashi biyu cikin uku na kaurin laka. Biyu suna baya, suna raba ragowar kashi ɗayan, kuma suna da rassa da ke haɗa su, in ɗaya ta gaza ɗaya ta taimaka. Ta gaban nan ita ce marainiya. Siririya ce, doguwa, ba ta iya kai jini daga wuya har ƙugu da ƙarfin kanta, sai rafuffuka sun riƙa shigo mata a hanya daga babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta gangara ta gaban ƙashin baya, wadda ake kira awota. Mafi girma cikin rafuffukan nan tana ɗauke da sunan Adamkiewicz, likitan da ya bayyana ta a 1882. A yawancin mutane daga gefen hagu take shigowa, a ƙasan ƙirji, kuma ita ke riƙe da ƙasan laka. Tsakiyar ƙirji kuwa, tsakanin ruwan da ke gangarowa daga sama da wanda ke hawowa daga ƙasa, wuri ne da jini ke isa da ƙyar ko a lafiya.

Yanzu ga sirrin ruwan zafi. A sashen gaba na laka hanyoyin motsi suke, da hanyoyin da ke ɗaukar zafi da sanyi da raɗaɗi, da waɗanda ke sarrafa fitsari da bayan gida. A sashen baya kuma akwai hanyoyin da ke ɗaukar taɓawa mai laushi, da karkarwa, da sanin inda gaɓa take ko ido a rufe. In jijiyar gaba ta toshe, na gaba su lalace, na baya su tsira. Sai ki ga mutum ƙafa ba ta motsi, ba ya jin allura, ba ya jin wuta, amma in kin shafa shi ya ce ya ji.

Ga yadda nake gwadawa a gefen gado. Nakan ce majinyaci ya rufe ido, in kama babban yatsan ƙafarsa ta gefe da gefe, in ɗaga shi sama ko in sauke, in tambaye shi ina na kai. Mai wannan ciwo zai amsa daidai duk sau biyar ɗin. In kaɗa ƙarfen nan mai karkarwa in ɗora masa a idon sawu, ya ce yana jin zirrr. Sannan in ɗauki tsinke mai kaifi in fara tsikara daga tafin ƙafa ina hawa. Shiru a ƙwauri, shiru a gwiwa, shiru a cinya. Sai na zo daidai cibiya, ko daidai kan nono, ya zabura ya ce "nan!" Wannan layin da jin ya dawo shi ke gaya min inda laka ta samu rauni: cibiya tana nuna gaɓar da muke rubutawa T10, kan nono T4. Tsinke da ƙarfe da minti biyar, sun sha gaya min abin da na'ura ba ta nuna ba sai bayan kwana biyu.

Agogo shi ne shaida na farko

Abin da nake fara tambayar dangi shi ne: daga lokacin da ya ce "bayana" zuwa lokacin da ya kasa tsayawa, awa nawa ne? Toshewar jini gaggawa gare ta. Mintoci, ko 'yan awoyi. A 2019 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun bi bayanan majinyata 133 da wannan ciwo ya kama haka kawai ba tare da tiyata ba, suka ga fiye da kashi uku cikin huɗu sun kai ƙarshen tsananin ciwon cikin awa 12, kuma a kan haka suka gina ƙa'idar gane shi. Awa ukun da kika ambata ya shiga ciki sarai. Ciwon baya ko na wuya mai zuwa farat ɗaya, wanda ke zagayowa kamar ɗamara, yana tare da yawancin masu ciwon, kuma nan ma ya saɓa wa shanyewar ƙwaƙwalwa wadda galibi ba ta zuwa da raɗaɗi.

A kwanakin farko ƙafafun suna yin laɓɓ, in an ɗaga an saki su faɗi kamar tsumma, in an buga gwiwa da ɗan gudumar gwaji ba ta harbawa. Bayan kwanaki ko makonni sai su fara ƙagewa, su riƙa fizga da kansu. Ina faɗar wannan ne domin dangi kan ga fizgar su yi murna cewa motsi ya dawo, ko su tsorata cewa ciwo ya ƙaru. Sauyi ne da aka saba gani yayin da laka ta ƙasan raunin ta farfaɗo tana aiki ba tare da linzamin ƙwaƙwalwa ba. In raunin a wuya yake, hannuwa ma su shiga, kuma in ya kai gaɓa ta uku zuwa ta biyar ta wuya, numfashi kansa na iya tsayawa, domin daga nan jijiyar tantanin numfashi take fitowa.

Don haka ga duk mai karanta wannan: wanda ƙafafunsa ko hannuwansa suka yi nauyi ko suka mutu cikin awoyi, musamman da ciwon baya na farat ɗaya, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo bai sani ba, ko jin jiki ya ɗauke daga wani layi zuwa ƙasa, a kai shi asibiti mai na'urar hoto a wannan sa'ar. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya tausa ko jan ƙafa, kada a ƙara masa maganin hawan jini don an ga awo ya hau. A rubuta lokacin da abin ya fara, a tafi da duk magungunan da yake sha.

Maganar hoton farko

Daga abin da kika rubuta ban ga alamar sakaci ba. Hoton MRI na awoyin farko yakan fito tsaf a wannan ciwo, domin naman da jini ya yanke masa yana ɗaukar lokaci kafin ya kumbura har ya canja launi a hoto. Kwana ɗaya zuwa biyu, sai a ga farin zane siriri kamar an ja fensir a gaban laka, in kuma an yanka hoton a kwance a ga ɗigo biyu farare gefe da gefe, waɗanda likitoci ke kira idon mujiya. Akwai wani salo na hoton, DWI, da ke iya kama ciwon da wuri, amma laka siririya ce, tana motsi da numfashi da bugun zuciya, ga ƙashi kewaye da ita, saboda haka ɗaukarsa a baya ya fi na kai wuya, kuma sai an nema musamman ake yi.

Hoton farko yana da aikin da ya fi wannan muhimmanci, wato ya tabbatar ba wani abu ne ya danne laka ba. Ƙurji mai ruwa a ramin ƙashin baya, jini da ya taru, faifan tsakanin gaɓoɓi da ya fito, ƙari, ko tarin fuka da ya ci ƙashin baya har ya rufta: duk waɗannan suna kashe ƙafa kamar yadda toshewar jini ke yi, amma su tiyatar gaggawa na iya ceto ƙafar in an yi da wuri. "Ba a ga komai ba" a ranar farko na nufin an kawar da waɗannan, kuma wannan amsa ce mai amfani. Likitocin Baba sun yi daidai da suka sake hoton.

Inda nake ganin kuskure na gaske shi ne a ɗauki hoto mai tsabta a matsayin shaidar babu ciwo. Na taɓa karɓar wani saurayi da bai kai talatin ba, ya ɗaga abu mai nauyi ya ji baya ya ce ƙas, bayan awa biyu ƙafafu suka tafi. A inda aka fara kai shi an yi hoto ba a ga komai ba, sai aka gaya wa iyayensa damuwa ce, har ana masa faɗa ya daure ya tashi. Da ya zo wurinmu mafitsararsa ta cika ta kai cibiya, aka sa roba aka fitar da fiye da lita ɗaya. Tsinke ya nuna layi a ƙasan haƙarƙari. Har yau ina tuna yadda ya riƙe min hannu yana cewa, "Likita, wallahi ba da gangan nake yi ba." Hoto na biyu ya nuna idon mujiya ƙarara. Wannan abu ya tsaya min a rai, kuma tun daga nan nake gaya wa ƙananan likitoci cewa in gwajin hannu da hoto suka saɓa, a sake hoton.

Akwai sauran masu kama da shi. Kumburin laka, wanda garkuwar jiki ko ƙwayar cuta ke jawowa, shi ne aka fi rikita shi da toshewar jini, amma shi yakan ɗauki kwanaki yana hawa, kuma ruwan baya da aka ɗiba da allura yakan nuna alamun kumburi, ga gwaje-gwajen jini na musamman da ke tona wasu nau'o'insa. Ciwon Guillain-Barré, wanda garkuwar jiki ke afka wa jijiyoyin da ke wajen laka, yana fara kashe ƙafa ya hau sama, amma ba ya yin layin nan a ciki. Ana kuma duba tunjere, ƙanjamau, ƙarancin bitamin B12, da tsutsar tsargiya wadda ƙwanta ke iya maƙalewa a laka. Rarrabewar tana da nauyi domin kowanne maganinsa daban.

Me ya toshe jinin?

A mai shekarun Baba, da hawan jini da suga, abin da aka fi zato shi ne lalacewar jijiyoyin jini: kitse ya taru a bangonsu, su ƙuntace, ko wani ɓarɓashi ya ɓalle daga bangon awota ya tafi ya toshe ƙaramar jijiya. Shan taba da yawan kitse a jini suna ƙara wa wutar itace. Gudan jini daga zuciya mai bugu ba bisa tsari ba shi ma yana iya zuwa.

Awota ita ce ba na yarda a tsallake. Bangonta na iya tsagewa ta ciki, jini ya ratsa tsakanin bango da bango ya rufe bakin rafuffukan da ke shayar da laka. Wannan yana iya kisa cikin awoyi, kuma wani lokaci mutuwar ƙafa ce alamarsa ta farko. Duk wanda ya zo da ciwon ƙirji ko baya mai kama da yagewa, ko bugun jini ya bambanta tsakanin hannu da hannu, sai an yi masa hoton CT na awota nan take. Ki tambayi likitocin Baba ko an duba awotarsa da zuciyarsa; tambaya ce da ta dace, ba mai jin haushinta. Tiyatar gyaran awota ita kanta tana cikin manyan sanannun dalilai, haka faɗuwar jini mai tsanani, kamar bayan tsayawar zuciya ko zubar jini mai yawa.

A matasa labarin daban ne. Wani ɗan guntun guringuntsi daga faifan baya na iya kutsawa cikin jijiyar jini bayan ɗaga nauyi ko wani yunƙuri, kuma shi muka fi zato a saurayin da na ba ki labari. Akwai tsagewar jijiyar jini ta wuya, sikila, hodar iblis, kumburin jijiyoyin jini, kumfar iska a jinin masu nutso cikin teku da suka taso da sauri, da wasu allurai da ake yi kusa da ƙashin baya. A wani kaso mai yawa kuma, a gama duk bincike ba a kama dalili ba.

Magani

Zan gaya miki gaskiya yadda take. Shanyewar ƙwaƙwalwa tana da allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa huɗu da rabi, manyan gwaje-gwaje sun tabbatar da ita. A laka babu irin wannan tabbaci. An gwada ta a ɗaiɗaikun mutane, amma ba ta zama ƙa'ida ba, ga shi kafin a tabbatar da ciwon lokacinta ya wuce, kuma in tsagewar awota ce ko jini ne ya taru, allurar kashe mutum za ta yi. Magungunan sitiroyid masu rage kumburi ma ba a tabbatar suna gyara toshewar jini ba. Akan ba da su a kwanakin farko in ana shakkar ko kumburi ne, kuma wannan hukunci ne mai hujja, amma da zarar an gane jini ne ya kamata a tsaya, musamman ga mai suga.

Abin da muke iya yi a awoyin farko shi ne kare sashen da ya galabaita bai mutu ba tukuna. Ana kwantar da majinyaci a sashen kulawa ta musamman, a hana jininsa faɗuwa, a ba shi ƙarin ruwa, wani lokaci da magungunan ɗaga jini, ana neman matsakaicin awon jini (lambar da likitoci ke lissafawa tsakanin ta sama da ta ƙasa) ya kai wajen 85 zuwa 90, adadin da aka aro daga jinyar waɗanda suka samu raunin laka a haɗari. Shi ya sa na ce kada a yi gaggawar sauke hawan jini a gida. In bayan tiyatar awota ne, ana sa siririyar roba a ƙasan baya a rage ruwan da ke kewaye da laka, domin matsi ya sauka jini ya samu hanya. Na ga amfanin wannan da idona: wani dattijo ya farka daga tiyata ƙafafu ba motsi, aka ɗaga jininsa aka buɗe robar, kafin asuba babban yatsansa na dama ya motsa, bayan makonni ya fita yana dogara sanda. In an kama dalili, shi ake bi: tiyata ga awota, musayar jini ga mai sikila, ɗakin iska mai matsi ga mai nutso. Domin hana maimaituwa kuma, galibi ana ba da asfirin da maganin rage kitse, ko maganin tsinka jini in daga zuciya gudan ya fito, a daidaita suga da hawan jini, a bar taba.

Yanzu da Baba ya kai mako biyar, wancan babin ya wuce, kuma abin da ya rage shi ne wanda ya fi shafar ki. A ganina jinyar wannan lokaci ta fi kowace allura tasiri a kan yadda zai kasance nan da shekara. Abin da ke kayar da masu ciwon laka sau da yawa ba lakar ba ce kai tsaye, abubuwan da kwanciya ke haifarwa ne.

Fata ce ta farko. Mutumin da ba ya jin zafi ba zai juya da kansa ba, don haka a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya kullum da haske mai kyau. Wuri ya yi ja ko ya yi duhu, in kin danna da yatsa launin bai canja ba, gyambon kwanciya ne ke shirin ɓullowa, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya. Zanen gado ya zama busasshe, ba ninki. Ruwan wanka ki gwada shi da gwiwar hannunki kafin ya taɓa shi, kuma kada a ɗora masa wani abu mai zafi a ƙafa da sunan ɗumama jijiya. Na yi jinyar ƙuna masu zurfi da aka samu ta haka, da kyakkyawar niyya. Sai mafitsara: robar fitsari a kula da tsabtarta, kuma inda hali ya ba da, a koyi hanyar sa roba a fitar a cire sau da yawa a rana, ta fi barin roba zaune kare mafitsara da ƙoda. Zazzaɓi, fitsari mai wari ko gurɓata, a gaya wa likita. Bayan gida a sa masa lokaci guda kullum, da isasshen ruwa da maganin laushi. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, wannan gudan jini ne a jijiyar ƙafa da zai iya tafiya huhu, gaggawa ce. Domin hana shi ake yin allurar hefarin a makonnin farko.

In raunin ya kai gaɓar T6, wadda layinta ke ɗan ƙasa da kan nono, ko sama da ita, akwai wani abu da ya kamata duk mai jinya ya sani. Mafitsara ta cika ko roba ta toshe, ko bayan gida ya taru, sai jini ya hau farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, gumi da jan fuska. A tayar da shi zaune, a sassauta tufafi, a duba robar ko ta lanƙwashe, a nemi likita nan take.

Gashin ƙashi kuma tun yana kwance ake farawa, ba a jira sai motsi ya dawo. A riƙa lanƙwasa kowace gaɓa ana miƙewa kullum domin kada ta sandare, a tallafe tafin ƙafa kada ya zube, a koya masa zama, da tashi daga gado zuwa kujera, a ƙarfafa hannuwa, sannan tsayuwa. Ƙagewa in ta yi yawa akwai baklofen. Wani raɗaɗi mai kama da ƙuna ko tartsatsin lantarki yakan taso a wurin da ba ya ji, wanda farasitamol ba ya taɓawa. Gabapentin, piregabalin ko amitiriptilin ake ba shi, bisa umarnin likita. Ki kuma lura da zuciyarsa. Mutumin da jiya yake ɗawainiyar gida yau ana juya shi, baƙin ciki na iya rufe shi har ya ƙi motsa jiki, kuma wannan ma ana maganinsa.

Zai sake tafiya?

Ba zan yi miki alkawari ba, ba kuma zan yanke miki ƙauna ba, domin hujja ba ta ba ni ikon ko ɗaya ba. Abin da ya fi nuna makoma shi ne tsananin ciwon a ranar da ya fi muni, da kuma ko wani abu ya fara dawowa a makonnin farko. Wanda ya rage da ɗan motsi, ko da yatsa ne, ko yake jin taɓawa a kewayen dubura, ko ya tsira da sanin inda ƙafarsa take, ya fi samun dama a kan wanda komai ya ɗauke. Cewa Baba yana jin taɓawarki alama ce cewa wani sashe na lakarsa yana aiki.

Wani bincike da aka buga a 2012, shi ma daga asibitin Mayo, ya bi mutum 115 tsawon shekaru. Cikin waɗanda aka sallama a kan keken guragu, kusan huɗu cikin goma sun dawo suna tafiya daga baya, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu robar fitsari sun rabu da ita. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani: saurin samun sauƙi yana cikin watannin farko, amma ba ya tsayawa a nan, yana ci gaba a hankali har shekara da fiye. Wasu kuma ƙafar ba ta dawowa, sai a gina musu rayuwa a kan keke, su koma harkokinsu. Mako biyar ya yi kaɗan ƙwarai a ce an san ɓangaren da Baba zai faɗa.

Ki samu littafi ki riƙa rubutawa duk mako: wane yatsa ya motsa, ƙafar tana iya jan kanta a kan gado ko a'a, layin jin ya sauko ko yana nan, yana sanin fitsari ya taru ko bai sani ba, minti nawa yake iya zama ba jingina. Sauyin yana zuwa a hankali har mai gani kullum ba ya lura, sai an waiwayi shafin wata guda baya. Ki tafi da littafin duk ranar ganin likita, tare da hotunan MRI biyun, ki nemi a gaya miki gaɓar da raunin yake, ko an duba awota da zuciya, da kuma wane ne zai jagoranci gashin ƙashinsa bayan sallama. Ki kuma samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa wajen juyin dare, domin jinyar nan doguwa ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. A gaida Baba da jiki.